Thomas Cochrane: Gwanin Teku, Ganima da Bakin da Ya Yanka Wuya

A ajiyar Bankin Ingila akwai wata tsohuwar takardar kuɗi ta fam 1,000 mai rubutun hannu a bayanta. Wanda ya yi rubutun fursuna ne, a watan Yulin 1815, kuma da takardar ya biya tarar da kotu ta ci shi. Abin da ya rubuta, a taƙaice, shi ne zaman kurkuku ya taɓa lafiyarsa, masu zaluntarsa sun ƙudura sai sun raba shi da dukiyarsa ko da ransa, don haka ya yarda a yi masa fashi don kada a kashe shi, yana fatan ya rayu ya ga an hukunta su. Fursunan shi ne Thomas Cochrane, tsohon hafsan sojan ruwan Birtaniya, ɗan majalisa mai wakiltar Westminster, wanda shekaru kaɗan kafin nan Faransawa suka laƙaba masa suna Kyarkecin Teku.

Na fara da takardar kuɗi ne da gangan. Masu ba da tarihin Cochrane sun fi son wajen igwa da hayaƙi, kuma ba laifinsu, don labarin yana da daɗin ji. Amma wanda ya bi sawun kuɗi a rayuwar mutumin nan zai fi gane dalilin da ya sa ya zama gwani, da dalilin da ya sa babu gwamnatin da ya yi wa aiki suka rabu lafiya, daga Landan har Rio.

An haife shi a Scotland ranar 14 ga Disamba, 1775, a gidan sarauta mai suna babu abin hannu. Mahaifinsa, Earl na Dundonald na tara, mutum ne mai ƙirƙire-ƙirƙire. Ya ƙarar da gadonsa wajen tatsar kwalta daga gawayin ƙasa, da nufin a riƙa shafa wa gindin jirage don kada tsutsar ruwa ta cinye katako. Hukumar sojan ruwa ba ta saya ba. Yaro ya tashi yana ganin ubansa da basira da bashi, ya kuma tashi da tabbacin cewa masu zama a ofis ne ke kashe mai basira. Wannan tunanin bai bar shi ba har kabari.

Sai dai shi ma da uban gida ya shiga aikin. Ƙanin mahaifinsa, Alexander Cochrane, hafsan sojan ruwa ne, kuma tun Thomas yana ƙarami ya riƙa rubuta sunansa cikin rajistar jiragen da yake jagoranta, don shekarun aiki su riƙa taruwa alhali yaro yana gida. Doka ta hana, amma kowa yana yi. Bai taka jirgi a matsayin ma'aikaci ba sai 1793, yana da shekara 17, shekarar da yaƙi ya ɓarke da Faransa.

A nan sai an tsaya an dubi yadda rundunar take biyan mutanenta. Albashi bai taka kara ya karya ba. Arzikin hafsa yana cikin ganima: duk jirgin abokan gaba da aka kama, na yaƙi ne ko na fatake, sai a kai shi gaban kotu ta musamman, in ta halatta kamun a sayar da shi da kayansa, a raba kuɗin kashi takwas. Kafin 1808, kyaftin yana da kashi uku, amma in yana ƙarƙashin wani Admiral to ɗaya daga ciki na Admiral ɗin ne, ko da yana kwance a gida lokacin da aka yi artabun. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙananan hafsoshi suna raba kashi uku a tsakaninsu, sauran ɗaruruwan matuƙa kuma su raba biyu. Ga kuma batun ƙarin girma: da zarar an naɗa mutum cikakken kyaftin, sunansa ya hau layi, daga nan har Admiral ba a tsallake kowa, sai dai na gaba ya mutu na baya ya matsa. Jinkirin wata uku wajen naɗin yana iya zama asarar shekaru a gaba. Wane ne za a ba jirgi mai gudu, a tura shi inda fatake ke wucewa, wane ne za a tura gadin masunta, duk yana hannun manya. Tsari ne da ke haifar da jarumai, yana kuma haifar da masu ƙorafi, Cochrane kuwa ya haɗa duka biyun.

A 1800 aka ba shi Speedy, wani ɗan ƙaramin jirgi mai igwa 14 ƙanana. Shi dogo ne, ɗakin kyaftin kuwa bai kai tsawonsa ba, har ya ce in zai yi aski sai ya buɗe tagar rufi ya leƙo da kansa waje ya ajiye kayan askin a saman jirgi. Ya kuma ce harsasan da igwoginsa na gefe guda ke harbawa a tashi ɗaya yana iya zuba su a aljihu ya yi yawo. Da wannan abin ya kama ko ya lalata jirage fiye da 50 a Bahar Rum cikin wata 13.

Ranar 6 ga Mayu, 1801, a kusa da Barcelona, ya ci karo da El Gamo na Sifaniya, mai igwa 32 da mutum 319. Shi yana da 54. Ya ɗaga tutar Amurka har ya matso, sannan ya sauya ta, ya kutsa ya manne da jikin babban jirgin. Hikimar ita ce Gamo ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba, don haka igwoginsa ba sa iya sunkuyowa, harbinsu ta sama yake wucewa, shi kuwa yana harbi daga ƙasa yana farfasa daɓen da suke tsaye a kai. Duk sanda Sifaniyawa suka taru za su diro masa sai ya ɗan ja baya, ya bar ruwa tsakani. Da ya ga lokaci ya yi, ya kwashi kowa da kowa suka haura, ya bar likitan jirgin shi kaɗai riƙe da matuƙi. Ana tsakiyar sara da suka ya sa aka sauke tutar Sifaniya. Mutanen Gamo suka ɗauka manyansu sun sallama, suka zubar da makamai. Mutum uku ya rasa.

Abin da ya biyo baya ya fi yaƙin nuna halinsa. Gwamnati ba ta sayi Gamo ba, aka sayar wa mai mulkin Aljiyas da araha, ganima ta zama ba yabo ba fallasa. Naɗinsa ya yi jinkiri. Mataimakinsa William Parker, wanda ya ji mummunan rauni, aka ƙi yi masa ƙarin girma, shugaban hukumar, Lord St Vincent, ya ce yawan waɗanda suka mutu a Speedy bai kai a yi haka ba. Cochrane, matashi ɗan shekara 25, ya mayar masa da amsa a rubuce cewa a yaƙin 1797 da ya sa aka ba St Vincent ɗin sarautar da yake taƙama da ita, mutum ɗaya ne ya mutu a jirginsa. Maganar gaskiya ce. Amma baki shi ke yanka wuya. Da yaƙi ya dawo a 1803, bayan ɗan gajeren sulhu, aka ba shi wani ruɓaɓɓen jirgi mai suna Arab, aka tura shi can arewacin Scotland gadin masunta.

Da St Vincent ya sauka, wani ɗan Scotland, Lord Melville, ya hau, ƙofa ta buɗe. A 1805 aka ba shi Pallas, ya tare jiragen Sifaniya masu dawowa daga nahiyar Amurka da zinariya da azurfa, ya shigo Plymouth da manyan sandunan kyandir na zinariya ɗaure a ƙololuwar jirginsa don jama'a su gani. Daga baya, da jirgin Imperieuse, ya addabi gaɓar Faransa da ta Kataloniya a 1808: ya sauka da dare, ya fasa hanya, ya ƙona tashar isar da saƙo, ya ɓace kafin gari ya waye. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda yake tattalin ran mutanensa. Ana kallonsa kamar mai ganganci, alhali kafin ya kai hari sai ya auna zurfin ruwa, ya san lokacin cikowarsa da janyewarsa. Shi ya sa matuƙa ke rububin shiga jirginsa a zamanin da ake kama mutane da ƙarfi a titi a kai su aikin ruwa: ga ganima, ga komawa gida da rai.

Da kuɗin ganima ya shiga siyasa. Ya ci kujerar Honiton a 1806, garin da kowa ya san ƙuri'arsa ta sayarwa ce, sannan Westminster a 1807 tare da Sir Francis Burdett, jagoran masu neman sauyi. Hafsa mai ci, kuma ɗan adawa a majalisa. Kowa ya san wannan haɗin ba zai ƙare lafiya ba.

Ya fashe a Afrilun 1809. Jiragen yaƙin Faransa 11 suna fake a mashigin Basque, kusa da Rochefort, Admiral Gambier na Birtaniya yana tsare da su daga waje. Hukuma ta aiko Cochrane, ƙarami cikin kyaftin-kyaftin, ya jagoranci harin wuta, manya suka ji haushi. A daren 11 ga wata ya shiga da jirage cike da gangunan albarushi, shi da kansa ya kunna wa na farko wuta. Jiragen wutar da suka biyo baya yawancinsu ba su taɓa kowa ba, amma tsoro ya yi aikinsa: Faransawa suka tsinke igiyoyin anga cikin duhu, da gari ya waye duk in ban da biyu sun kafe a tabo, sun karkace, gindinsu a waje. Cochrane ya yi ta aika sigina ga Gambier cewa a zo a ƙarasa su kafin ruwa ya ciko. Shiru. Da ya gaji, ya bar Imperieuse ya zame da baya-baya zuwa wajen abokan gaba kamar ruwa ne ke jansa, ya fara faɗa shi kaɗai, sannan ya ɗaga alamar neman agaji, wadda babu Admiral ɗin da zai iya kau da kai daga gare ta. Manyan jirage huɗu aka hallaka. Yawancin sauran suka tsira.

Gambier yana da hujjarsa, a yi masa adalci: mashigin ƙunci gare shi, ga tudun yashi, ga igwogin tsibirin Aix, kuma babban jirgi in ya kafe a nan ya zama nama. Amma a ganina tsoronsa ya wuce kima, don ƙananan jiragen da ya aika daga baya sun shiga sun fito. Inda Cochrane ya yi wauta shi ne bayan an dawo. An ba shi lambar girma ta Bath, ana yi masa tafi, sai ya sanar cewa in aka kawo ƙudurin gode wa Gambier a majalisa zai tashi ya soke shi. Gambier ya nemi kotun soja ta wanke shi, abokan aikinsa suka zauna, suka wanke shi tas. Daga ranar ba a sake ba Cochrane jirgi ba na tsawon shekaru, a lokacin da yaƙin Napoleon yake kan ganiyarsa.

Ya koma yaƙi da ofis. Ya tashi a majalisa yana lissafa albashin 'yan gata masu muƙaman da ba aikin fari ba na baƙi, yana auna shi da abin da ake biyan hafsan da ya rasa ƙafa ko hannu: wane yana cin ƙafafun laftana kaza a shekara. A 1811 ya je Malta, inda kotun ganima ke lashe kuɗin kamu da sunan ladan aiki, ya ɗauke jadawalin kuɗaɗen kotun, aka tsare shi, ya tsere, ya zo ya warware wata doguwar takardar cajinsu a zauren majalisa. Yana da gaskiya a yawancin abin da ya faɗa. Amma mai karatu ya lura: zaluncin da ya fi yi masa zafi shi ne wanda ya taɓa rabonsa.

Sai 21 ga Fabrairu, 1814. Da tsakar dare wani mutum cikin kakin soja ya bayyana a Dover, ya ce shi Kanar du Bourg ne, daga Faransa yake, an kashe Napoleon. Ya kama hanyar Landan yana watsa labarin a kowane zango. Farashin takardun bashin gwamnati ya yi tsalle, wasu suka sayar, kafin yamma aka gane ƙarya ce. Bincike ya nuna sunan mutumin na gaskiya de Berenger, kuma da ya iso Landan gidan Cochrane ya nufa, a nan ya sauya tufafi. Cikin waɗanda suka sayar a ranar akwai Cochrane, da wani ƙanin mahaifinsa, Andrew Cochrane-Johnstone, sanannen ɗan damfara, da mai kula musu da hannun jari, Richard Butt.

Har yau masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Masu kare shi suna cewa safiyar ranar yana masana'anta yana duba wata fitila da ya ƙirƙira, cewa tun tuni ya bar wa dillalinsa umarnin a sayar in farashi ya ɗaga da kashi ɗaya cikin ɗari, wanda ya san makirci kuwa da ya jira ya fi haka tashi, kuma shi da bakinsa ya fara ambaton sunan de Berenger. Masu zarginsa suna tambaya ɗaya: me ya kai maƙaryacin gidansa, kuma don me ya ba shi riga? Shari'ar ta rataya a kan launin kakin da mutumin ya shigo da shi, ja ne irin na Kanar ɗin ƙarya ko kore. Alƙali Lord Ellenborough, wanda ba ya ɓoye ƙiyayyarsa ga 'yan neman sauyi, ya sa lauyoyin kariya suka fara bayani cikin dare bayan kowa ya gaji. Ni na fi karkata ga cewa baffan ne ya shirya abin ya ja ɗan ɗan'uwansa cikin rami, musamman da yake shi baffan ya gudu ya bar ƙasar kafin a yanke hukunci. Amma karkata ce, ba hujja ba.

Aka yanke masa shekara ɗaya a kurkuku, da tarar fam 1,000, da awa ɗaya a turu a bainar jama'a. Turun dai aka janye, don Burdett ya ce zai tsaya a gefensa, gwamnati kuma ta ji tsoron tarzoma. Aka kore shi daga soja, aka kore shi daga majalisa, aka cire tutarsa ta lambar Bath daga majami'ar Westminster aka yi fatali da ita. Mutanen mazaɓarsa suka sake zaɓensa yana tsare. A Maris 1815 ya tsere daga kurkuku, ya je ya zauna a kujerarsa ta majalisa, a nan aka sake kama shi.

Admiral na farko da ya zama, ba na Birtaniya ba ne. Chile ce ta ɗauke shi, ya isa Valparaíso a ƙarshen 1818 a zamanin shugabanta Bernardo O'Higgins, don ya karya ƙarfin Sifaniya a tekun Fasifik. A Fabrairun 1820 ya ci Valdivia, tashar da ke kewaye da ganuwoyi, da mutum kimanin 300, ya bi ta ƙasa da dare yana cin su ɗaya bayan ɗaya. Ya kwashi rundunar San Martín, janar ɗan Ajantina mai yaƙin 'yanci, zuwa Peru. Ranar 5 ga Nuwamba, 1820, ya shiga tashar Callao da ƙananan kwale-kwale, mutanensa sanye da farare don su gane juna a duhu, ya sace Esmeralda, jirgin yaƙi mafi ƙarfi da Sifaniya ke da shi a yankin, daga ƙarƙashin igwogin ganuwa. Akwai jiragen Amurka da Birtaniya a tashar, 'yan ba-ruwanmu, waɗanda suka rataya fitilu don kada a harbe su. Cochrane, da harsashi a cinya, ya sa aka rataya irin fitilun a Esmeralda, masu igwa suka rasa wanda za su harba.

Sai tsohon ciwo ya tashi. San Martín ya ci Lima, ya zama mai mulkin Peru, ya ce albashin matuƙa bashin Chile ne ba nasa ba. Cochrane ya je Ancón ya ƙwace dukiyar da San Martín ya ajiye a jirage, ya biya mutanensa. Ba tare da haka ba da rundunar ta watse, wannan gaskiya ne. Amma daga nan 'yan Ajantina da yawa ba su sake kallonsa a matsayin ɗan gwagwarmaya ba, sai ɗan haya mai idon kuɗi.

A 1823 ya koma Barazil, wadda ke yaƙin ƙwatar 'yanci daga Fotugal, ƙarƙashin Sarki Pedro na ɗaya. Ya toshe Salvador ta Bahiya har sojan Fotugal suka fice ranar 2 ga Yuli, ya bi ayarin jiragensu yana tsinta. Sannan ya riga su isa São Luís ta Maranhão da jirgi guda, ya ce wa masu garin babbar runduna tana bayansa, su sallama kafin ta iso. Babu wata runduna. Suka sallama. Ya aika wani hafsansa, Grenfell, ya yi irin wannan dabara a Belém. Arewacin Barazil, ƙasa mai faɗin gaske, kusan da baki aka ci shi.

Bahaushe yana da dalilin tsayawa a Bahiya. Garin da Cochrane ya toshe cike yake da bayi daga ƙasashenmu, da yawansu an kamo su ne a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804. Hausawan Bahiya sun shirya tawaye a 1807, sun tashi a 1809, sun sake tashi a Fabrairun 1814, watan da ake damfarar kasuwar Landan. 'Yancin da aka ci a 1823 bai kwance musu mari ba. Barazil ba ta soke bauta ba sai 1888.

Da Barazil ma rigimar ganima ce ta raba su. Kotun Rio, wadda 'yan asalin Fotugal suka yi wa yawa, ta ƙi halatta yawancin jiragen da ya kama, gwamnati kuma tana neman sulhu da Fotugal. A 1825 ya karɓi kuɗi daga baitulmalin Maranhão, ya ɗauki jirgin gwamnati ya tafi Ingila ba sallama. Girka kuwa, inda ya je a 1827 don yaƙar Daular Usmaniyya ta Turkiyya da sojan Ibrahim Pasha na Masar, ba ta yi masa kyau ba. Ya karɓi kuɗi masu yawa tun kafin ya tashi, jirage masu injin tururi da ya dogara da su yawancinsu ba su iso a kan lokaci ba, yunƙurin ceto Atina ya ƙare da mummunar asara. Wani Admiral ɗin Birtaniya, Codrington, tare da Faransa da Rasha, shi ya gama zancen da ya hallaka jiragen Turkiyya da Masar a Navarino cikin Oktoban shekarar.

Siyasar gida ta juya, abokan ra'ayinsa suka hau mulki. A 1832 Sarki William na huɗu ya yi masa afuwa, aka mayar da shi layin da ya bari, wanda a lokacin ya kai shi ƙaramin Admiral. Afuwa ba wankewa ba ce, kuma ya san haka, shi ya sa bai daina rubuta koke ba. Sarauniya Victoria ta mayar masa da lambar Bath a 1847. Daga 1848 zuwa 1851 ya shugabanci rundunar Arewacin Amurka da Karebiyan yana tsoho mai shekara 70 da ɗoriya, yana ta tunanin yadda za a yi amfani da kwaltar tafkin Trinidad, kamar ubansa. Da yaƙin Kirimiya ya zo a 1854 ya nemi a ba shi runduna, aka ƙi, don ana tsoron abin da zai aikata. Tsoron yana da tushe: tun 1812 yake da wani shiri na sirri na tura jirage masu ƙona farar wuta, iska ta kai hayaƙin ya shaƙe masu tsaron ganuwa. Ya sake miƙa shi don a gwada a kan Rasha, gwamnati ta ajiye. Sai a 1915, da aka yi amfani da iska mai guba a Yaƙin Duniya na Ɗaya, duniya ta ga irin abin da yake nufi.

Ya rasu ranar 31 ga Oktoba, 1860, saura kaɗan ya cika 85. Aka mayar da tutarsa majami'ar Westminster gab da jana'iza, aka binne shi a cikinta. Sojan ruwan Chile suna zuwa duk shekara su ajiye furanni a kabarin, kuma sun sa wa jiragen yaƙinsu sunansa ba sau ɗaya ba. Lissafinsa da Barazil kuwa bai rufu ba sai a shekarun 1870, lokacin da aka sa masu sasanci suka duba takardun, gwamnatin ta biya magadansa.